AMSOSHIN WASIƘUNKU: Garin Da Ke Shanye Ruwa Ya Ajiye Wa Shuka

 Wannan fili namu ne na amsa wasiƙunku, wanda kuka saba ji ta rediyo daga nan birnin Sakkwato, ake kuma buga shi a wannan shafi saboda waɗanda shirin ya wuce su suna gona ko suna kasuwa. A wannan mako wasiƙu uku muka haɗa wuri guda, don kuwa duk a kan abu ɗaya suke tambaya.

Ta farko daga wani manomin albasa da tattasai ce a Kware. Ya ce ɗansa da ke karatu a jami'a ya ba shi labarin wani gari da ke shan ruwa ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa. Yana tambaya shin gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, in ya zuba a gonarsa zai huta da ban-ruwa? Ta biyu daga wani mai sayar da taki da maganin feshi ce a Illela. Ya ce an yi masa tallar irin wannan gari, aka ce wani nau'insa da hasken nukiliya ake yin sa, shi ne yake tsoron kada ya sayar wa mutane guba. Ta uku kuwa wata malama ce daga Gwadabawa, wadda ita da maƙwabtanta mata suke dashen zogale da mangwaro. Ta ce ta ji cewa abin da ke cikin ƙunzugun yara na zamani shi ne wannan gari, ko za su iya farke ƙunzugun su zuba a gindin dashe?

To, mun gode muku duka, Allah Ya bar zumunci. Ga amsa.

Asalin garin

Malam na Kware, ɗanka bai yi maka ƙarya ba. Akwai wannan gari, masana suna kiransa haidirojel, mu kuwa bari mu kira shi garin riƙe ruwa. In ka gan shi a bushe sai ka ce sukari ne ko garin rogo. Da zarar ya taɓa ruwa sai ya kumbura ya zama ƙwalaye masu santsi da taushi, ba ya narkewa, ruwan kuma ba ya zuba daga jikinsa ko da ka ɗora shi a tafin hannu. Mai kyau daga cikinsa, giram ɗaya yakan sha giram 300 ko fiye na ruwa mai tsabta ƙwarai. Ka riƙe wannan kalma ta "mai tsabta ƙwarai", za mu dawo kanta.

A farkon shekarun 1970 ne masu bincike na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, a wani gari da ake kira Fiyoriya cikin jihar Ilinoi, suka fito da irinsa na farko da ya yi suna, kuma da sitacin masara suka haɗa shi. Sai dai ba manoma ne suka fara cin moriyarsa sosai ba. Mutanen Japan ne suka sa shi cikin audugar mata a 1978, daga baya a farkon shekarun 1980 ya shiga ƙunzugun yara, wanda muke kira famfas. Yawancin wanda ke kasuwannin duniya a yau daga sinadaran man fetur ake yin sa, kuma yana daɗewa a ƙasa bai ruɓe ba. Wannan ne ya sa masana suka koma neman hanyar yin sa daga jikin tsiro, wanda in ya gama aikinsa ƙasa za ta cinye shi kamar yadda take cinye kara.

Zaren da ke jikin kowane tsiro

Akwai wani abu da Allah Ya gina jikin tsiro da shi, sunansa selulos. Shi ne ya ba karan dawa ƙarfin tsayuwa, shi ne ke cikin tukar rake da ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa. Auduga kusan kashi 90 cikin 100 nata selulos ne, itace kuwa kashi 40 zuwa 50. Takardar jaridar nan da ke hannunka ma shi ne. In da ido zai iya ganin cikinsa, da sai a ga dogayen zarurruka ne sirara, sun kwanta jikin juna sun manne gam. Mannewar nan ce ta sa in ka jiƙa auduga takan sha ruwa kaɗan kawai, in ka matse kuma ruwan ya fita.

Abin da masana ke fara yi shi ne raba waɗannan zarurruka. Sukan jiƙa selulos cikin soda, irin wadda masu yin sabulu ke amfani da ita, sannan su ƙara wani asid. Sai kowane zare ya sami wasu 'yan rassa a jikinsa masu kwaɗayin ruwa, kamar dai yadda gishiri ke janyo laima a damina. Abin da ya fito ana kiransa CMC. 'Yan kasuwa da yawa sun san shi, domin masu haɗa sabulun ruwa da masu yin askirim suna sayensa don ya ba kayansu kauri, har cikin man goge haƙori ana sa shi.

To amma CMC shi kaɗai ba ya yi wa manomi aiki. In ka zuba shi a ruwa narkewa yake yi kamar ƙaro, ya yi yauƙi irin na kuɓewa, ruwan sama ɗaya ya wanke shi ya tafi. Ku ɗauki misali da masunci. In ka ba shi tarin zare ka ce ya jefa a gulbi, ko tarwaɗa ɗaya ba zai kama ba. Sai an ƙulla zaren nan wuri-wuri ya zama koma, ko homa kamar yadda mutanen Argungu ke cewa. Haka wannan sha'ani yake. Dole a ƙulla zarurrukan CMC da juna su zama raga, yadda za su buɗe su sha ruwa amma ba za su watse ba. Ana iya yin ƙullin da wasu sinadarai, sai dai wasunsu masu dafi ne, kuma sai an sha wahalar wanke ragowarsu. Hanya ta biyu ita ce ta haske, wadda Alhaji na Illela yake tambaya a kai.

Yadda haske ke yin ƙulli

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti aka ɗauki hoton ƙashinsa ya san akwai hasken da ido ba ya gani amma yana ratsa jiki. Akwai ɗan'uwansa da ya fi shi ƙarfi, ana kiransa hasken gama. Galibi daga wani ƙarfe yake fita mai suna kobal 60. Ana ajiye ƙarfen ne a ƙasan wata rijiya mai zurfi cike da ruwa, cikin ɗaki mai kaurin bangon kankare. In za a yi aiki sai kowa ya fita, a rufe, na'ura ta ɗago ƙarfen, kaya su riƙa zagaya shi cikin akwatuna har su sami adadin hasken da ake so. Akwai kuma wata na'ura mai aiki da lantarki da ke harba ƙwayoyin ilektaron, ita ba ta buƙatar kobal, in an kashe wuta ta tsaya, amma harbinta ba ya shiga da zurfi kamar na gama.

Da daɗewa masana sun san cewa in aka haska selulos, tsinkewa zarensa yake yi, ya yi rauni. Saboda haka ba a ɗauka za a iya yin raga da shi ta wannan hanya ba. Sai wajen shekarar 2000 masu bincike a cibiyar nukiliya ta garin Takasaki a Japan suka nuna cewa sirrin yana wajen kwaɓi. In aka haska CMC a bushe, tsinkewa yake yi. In aka dama shi ruwa-ruwa kamar tsinkakken kunu, nan ma tsinkewa yake yi. Amma in aka kwaɓa shi da kauri kamar tuwo, watau gari kashi 20 ko 30 cikin 100 ko fiye, sai haske ya ƙulla shi.

Dalili kuwa shi ne, hasken yakan farfasa ruwan da ke cikin kwaɓin, gutsattsarin ruwan su riƙa kai wa zaren hari suna yi masa 'yan raunuka. Duk inda aka yi wa zare rauni, wurin yana neman abin da zai kama. In kwaɓin na da kauri, zare na kusa da zare, sai raunin wannan ya kama raunin wancan, ƙulli ya samu. In ruwa ya yi yawa kowane zare yana can nesa da ɗan'uwansa, babu wanda zai kama, sai ya tsinke. In a bushe ne kuma zaren ba ya iya motsi balle ya kai ga maƙwabcinsa. Bayan an gama haskawa sai a busar da kwaɓin, a niƙa, a zuba a buhu. Ba a dafa shi a wuta ba, ba a kuma sa masa sinadarin ƙulli mai dafi ba, ga shi hasken ya kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki.

Shi ma hasken da ma'auninsa, ana kiransa kilogire. A irin wannan aiki akan ba da kamar kilogire 10 zuwa 50. Nan ne gwaninta take. In hasken ya yi kaɗan, ƙulli ya yi kaɗan, rabin garin narkewa zai yi ya bi ruwa. In ya yi yawa, ragar ta tsuke, idanunta sun ƙanƙance, garin ya yi ƙwari amma ba ya shan ruwa da yawa. Kowane masaƙi ya san wannan: saƙa mai sako-sako ba ta da ƙarko, mai tsauri kuma ba ta miƙewa.

Ƙoƙarin inganta shi

Garin selulos zalla yana da rauni iri uku, kuma a kansu bincike ya fi tsayawa.

Na farko, sai an yi kwaɓi mai kauri an kuma ba shi haske mai yawa, duka biyun kuwa kuɗi ne. Tsakanin 2014 da 2017 wasu masana a Budafes, babban birnin ƙasar Hangari, sun buga sakamakon gwaje-gwajen da suka yi a kan haka. Sun nuna cewa in aka ƙara ɗan asid ɗin akirilik kaɗan, ko ɗan sinadarin da ke taimaka wa ƙulli, ragar takan ƙullu da haske kaɗan, ko da kwaɓin bai yi kauri sosai ba. Sun kuma gwada maye wani kaso na CMC da sitaci, suka ga yana kyautata ƙullin in dai sitacin bai wuce kima ba. Wannan labari ne mai daɗi gare mu, tunda sitaci ya fi CMC araha. A ƙasar Biyetnam ma wata cibiyar haskawa da ke birnin Ho Ci Min ta yi irin wannan gari daga sitacin rogo, manomansu suka gwada shi.

Na biyu shi ne gishiri. Abin da ke sa garin ya ja ruwa shi ne cikinsa ya fi wajensa gishiri. In ruwan da ke waje ma mai gishiri ne, sai jan ya yi sanyi. Garin da ya sha ninki 300 a ruwan sama, in aka sa shi a ruwa mai ɗan gishiri irin na ƙarin ruwa a asibiti, da ƙyar ya sha ninki 50. Ruwa mai sinadarin kalsiyam ya fi yi masa illa, don yakan ƙara ɗaure ragar ta tsuke. Mu kuwa a nan ƙasar farar ƙasa muke, shi ya sa aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan kwaso kalsiyam. Takin zamani ma in ya narke gishiri ne a wurin wannan gari. Akwai wasu nau'o'in selulos da gishiri bai cika damunsu ba, amma su tun asali ba su shan ruwa da yawa, saboda haka akan gauraya su da CMC don a sami tsaka-tsaki.

Na uku shi ne tsawon rai. Garin da aka yi da tsiro, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna cinye shi. Wannan alheri ne ga gona, domin ba zai taru ya zama shara ba. Amma ga aljihu, ma'anarsa sai ka sake saye. Wanda aka yi da sinadarin fetur yakan fi daɗewa. Kowanne da ribarsa da hasararsa.

Ko akwai guba a ciki?

Alhaji na Illela, ka kwantar da hankalinka ta wannan fuska. Kayan da aka haska da gama ba ya ɗaukar hasken ya riƙe. Wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa a asibiti ai ba ya komawa gida yana haska iyalinsa. Haka hatsin da aka shanya a rana ba ya fitar da rana cikin dare. Hasken wucewa yake yi, ya bar aikin da ya yi. Da irin wannan haske ake tsabtace sirinji da safar hannun likitoci da audugar asibiti a ƙasashe da dama, da awon kilogire 25. Manoman albasa kuma su ji wannan: haske ɗan kaɗan, wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kilogire guda ba, yana hana albasa da dankalin Turawa tsira a ma'aji.

Haɗarin yana ga wanda ya tsaya gaban ƙarfen kobal ɗin kansa. Kilogire ɗaya gire dubu ne, alhali gire 5 kacal in ya sami jikin mutum gaba ɗaya yana iya kashe shi. Shi ya sa wannan ba aikin bayan gida ba ne, ba kuma na ƙaramar masana'anta ba. A Nijeriya an kafa dokar kula da irin waɗannan abubuwa a 1995, hukumar da ke aiwatar da ita kuma ta fara aiki a 2001. Ba mai ajiye irin wannan ƙarfe sai da izininta.

Abin da ya kamata ka tsananta bincike a kansa, Alhaji, shi ne abin da aka rubuta a jikin buhu. Wane kamfani ya yi shi? Na noma ne ko na ƙunzugu? Na noma galibi da sinadarin fotash ake haɗa shi, na ƙunzugu kuwa da sodiyam, watau dangin gishirin miya da kanwa. Buhun da ba suna, ba adireshi, ba bayanin yadda ake amfani da shi, ka bar wa mai shi kayansa komai arahar da ya yi maka.

Mu zo ga lissafi

Malam na Kware, yanzu ga tambayarka ta biyu, ko za ka huta da ban-ruwa. A'a, ba za ka huta ba. Garin nan ba ya haifar da ruwa ko ɗigo ɗaya. Randa ce ƙarama a gindin shuka, abin da ka zuba mata shi za ta ajiye. Bari mu yi lissafi irin na 'yan aji shida.

In aka yi ruwan sama milimita ɗaya a kan hekta ɗaya, lita 10,000 ke nan ta sauka, watau jarka 400 mai cin lita 25. A lokacin zafi a ƙasar Sakkwato, gonar da shuka ta rufe takan sha milimita 5 ko fiye a yini guda, tsakanin abin da ganye ke fitarwa da wanda rana ke ɗauka. Jarka 2,000 ke nan a yini. To, a ƙasar Indiya cibiyar binciken aikin gona ta Niyu Delhi ta fito da nata garin mai tushen selulos, sunansa Pusa, aka ba manoma shawarar zuba kilo biyu da rabi a hekta. Mu ɗauka kowane kilo ya sha lita 300. Duka-duka lita 750 ke nan, jarka 30. Ka ajiye jarka 30 kusa da jarka 2,000 ka gani. Kuma wannan lissafin ruwa mai tsabta ne a cikin kwano. A cikin ƙasa, ga nauyin ƙasa ya danne shi, ga gishirin taki, abin da zai sha bai kai haka ba.

Ashe ke nan duk wanda ya ce maka ka watsa 'yan kilo a gonar gero za ta jure fari, bai faɗa maka daidai ba. Ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma in ya ɗauke sati uku bayan shuka babu garin da zai tsaya a madadinsa a faɗin gona. In kuwa ka ce za ka zuba isasshe yadda ƙasar gonar duka za ta canza, sai ka sayi tan-tan, kuɗinsa ya fi kuɗin amfanin gonar.

Inda yake da amfani shi ne wuri ƙarami mai daraja. Ɗauki ramin dashen itace. In ka gauraya giram 10 da ƙasar ramin, ko ninki 100 kawai ya sha, lita guda ke nan zaune daidai inda saiwa take, kuma duk sa'ar da aka yi ban-ruwa sai ya sake cika. Kilo ɗaya zai ishi dashe 100. Ga ƙaramin dashe a jigawa, inda ruwa ke zurarewa ƙasa kafin ka juya baya, lita guda tana iya zama bambanci tsakanin rayuwa da bushewa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Haka nan a ledar renon itatuwa, da wurin renon irin tattasai da tumatir, da tsoma saiwar dashe a cikin jiƙaƙƙen garin kafin a kai shi gona. A ƙasa mai rairayi ya fi nuna kansa. A lakar fadama kuwa, wadda dama tana riƙe ruwa, ba ka buƙatarsa, yana ma iya jawo laima ta yi yawa, albasa kuwa ba ta son zama cikin ruwa.

Ga malama ta Gwadabawa

Malama, dangi ɗaya ne da na cikin famfas, amma kada ku yi haka. Na famfas mai sodiyam ne, sodiyam kuwa in ya taru yana kashe ƙasa, ta daskare ta ƙi shan ruwa. Wanda yaro ya riga ya yi amfani da shi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, ga leda da ba ta ruɓewa, zogale kuma abinci ne da za ku ci ganyensa. Sabo kuwa tsadarsa ta fi amfaninsa.

In kun sami na noma, ku kiyaye abu huɗu. Ku jiƙa shi ya gama kumbura kafin ku gauraya da ƙasa, don in kuka binne shi a bushe da yawa, ranar da ya sha ruwa zai iya tunkuɗo dashen sama. Ku binne shi inda saiwa take, kada ku bar shi a sarari, rana tana lalata shi. Ku ajiye buhun a rufe a wuri busasshe. Na huɗu, wanda ya fi duka, ku nisanta shi daga yara da awaki da kaji. Kama da sukari yake yi, in aka haɗiye shi a bushe cikin ciki zai kumbura, yana iya toshe hanji. In yaro ya haɗiya a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jira.

Gwaji kafin saye

Ga gwajin da kowa zai iya yi a rumfar kasuwa. Ka sami kwano biyu, ka zuba lita guda ta ruwan sama ko ruwan leda a ɗaya, lita guda ta ruwan rijiyar da kake ban-ruwa da ita a ɗayan. Ka sa ƙaramin cokalin shayi ɗaya na garin, kimanin giram 3, a kowanne. Bayan awa ɗaya ko biyu ka tace da tsumma ka ga ruwan da ya rage. Kwanon ruwan rijiyarka shi ne zai gaya maka gaskiyar abin da za ka samu. In kana son ganin aikin gishiri da idonka, barbaɗa ɗan gishiri ko takin zamani a kan wanda ya kumbura, za ka ga yana sakin ruwa yana motsewa. In kuwa garin ya narke ya zama yauƙi, ba ƙwalaye, ba a ƙulla shi ba, ko kuma CMC zalla aka sayar maka.

Sannan kada ka fara da gona duka. Dasa goma da garin, goma ba shi, a ƙasa iri ɗaya, rana ɗaya, ruwa daidai wa daida. Ka riƙa rubuta ranar da kowane layi ya fara yaushi. Ƙarshen rani ka ƙirga waɗanda suka rayu, ka kwatanta da kuɗin da ka kashe. Ka kuma nuna wa malamin gona na yankinku.

Mu a nan gida fa?

Nijeriya tana da ɗakin haskawa da gama a cibiyar kimiyya ta Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, wanda aka buɗe a 2006. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai cibiyar binciken makamashi mai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. A nan gida kuma muna da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da masananta na kimiyyar haɗa sinadarai da na aikin gona. Kayan haɗi ma ba a nesa suke ba: ga ɓuntu da tattakar shinkafa daga fadamun Rima, ga auduga a Gusau da Funtuwa, ga rogo. Sai dai a sani shi kobal 60 ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, sabunta shi kuwa sai da kuɗin waje. Kuma karan dawa da harawa ba shara ba ne a wurinmu, abincin dabba ne, da shi ake danga, wanda ya rage a gona kuma shi ke kare ƙasa daga iska. In za a yi wannan sana'a a nan, abin da ake ƙonawa a banza ya kamata a nema, irin su tulin ɓuntun da ke bayan injinan casar shinkafa. Jihohin da ke cikin shirin dashen itatuwa na Babbar Ganuwar Kore, har da tamu, su ne suka fi dacewa a fara gwada shi a ramukan dashensu, da ruwanmu da ƙasarmu.

Kafin nan, kada mu raina abin da ke hannu. Maƙwabtanmu na jihar Tawa a Nijar sun farfaɗo da gonakin da suka zama fako ta hanyar tassa, watau haƙa ƙananan ramuka a rani a zuba taki a ciki, dabarar da manomansu suka gano a yankin Yatenga na Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980 suka kuma inganta ta. Ga rabin wata da ake tarar ruwa da shi, ga rufe gindin dashe da ciyawa, ga binne tulu mai tsatsar ruwa kusa da saiwa. Takin gida da ya ruɓe sosai shi ma yana riƙe laima, ya kuma ciyar da shuka, abin da garin riƙe ruwa ba ya yi. Wanda ya yi waɗannan, sannan ya ƙara ɗan garin a ramin dashe, shi ne zai fi ganin amfanin kuɗinsa.

Nan za mu dakata a wannan mako. Duk wanda ya yi gwajin kwano biyu, ko na dashe goma-goma, ya rubuto mana abin da ya gani da sunan ƙauyensa da irin ƙasar gonarsa, za mu karanta wa sauran manoma su ƙaru. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu amsa wasiƙun da suka taru a kan ajiyar albasa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa wa kasuwa albarka.